Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Jawabi a Kan Dama da Hagu Cikin Sukari da Ma'aunin Ƙwayoyi



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ya kasu gida biyu, ko da yake igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Na farko shi ne yadda ƙwayoyin sukari suke tsayuwa a sarari, watau wace gaɓa ce take dama, wace ce kuma take hagu. Na biyu kuwa wata na'ura ce da masana ilmin sinadarai suke auna nauyin ƙwaya guda da ita. Mun san da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan tarihi ko shari'a ko harshe suke karantawa, rabonsu da ɗakin gwaji tun suna aji uku na sakandare. Saboda haka za mu bi da maganar a hankali, mu ari kalmar Turawa a inda babu makawa kawai.

Bari mu fara da tambayar da kowa zai iya riƙewa. Tuwon dawa da muke ci, ƙarfinsa sitaci ne. Rigar auduga da muke sawa, kusan dukkanta wani abu ne da ake kira selulos. In aka dafa sitaci da asid har ya warware, abin da zai saura shi ne sukarin nan mai suna gulukos. In aka yi wa auduga haka, ita ma gulukos ɗin za ta bayar. To, tun da yake tubalinsu ɗaya ne, me ya sa mutum yake ƙoshi da tuwo, amma ko ya haɗiye buhun auduga ba za ta amfane shi da kome ba? Me ya sa kuma saniya da gara suke rayuwa a kan ciyawa da itace?

Ƙanƙanin yanki na kowane sinadari shi ake kira atam. In atam da dama suka riƙe juna suka zama ƙungiya guda, Turawa suna ce wa ƙungiyar molekul, mu kuwa ƙwaya za mu riƙa ce mata. Ƙwayar gulukos tana da atam 6 na kabon, 12 na haidurojin, 6 na oksijin. Masanan farkon ƙarni na 19 sun ɗauka in dai an san irin wannan lissafi, to, an san abu ke nan. Haske ne ya fara ƙaryata su.

Shi haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kamar igiyar da yaro ya riƙe bakinta yana girgizawa ta kowace fuska. Akwai wani irin dutse garai-garai wanda in haske ya ratsa shi sai ya fito yana kaɗawa ta fuska ɗaya tak, kamar igiyar da aka zura ta tsakanin sandunan shinge. A shekara ta 1815 wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Biot ya lura cewa in irin wannan tataccen haske ya ratsa waɗansu ruwaye da aka samo daga tsirrai, sai fuskar kaɗawarsa ta juya, wani ruwan ya juya ta dama, wani hagu. Ruwan sukari yana cikin masu juyawar. Tun da narkakke ne, ƙwayoyinsa suna yawo kowace ta kama gabanta, lalle ne sirrin juyin yana cikin ƙirar ƙwayar kanta. Na'urar da ake auna wannan juyi da ita sunanta folarimita, kuma har yau da ita masana'antun sukari suke sanin yawan sukarin da ke cikin ruwan rake.

A 1848 Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya ɗauki wani gishiri na asid tatarik, wanda ake samu a gindin gangunan inabi. Akwai irin da yake juya haske dama, akwai kuma wani iri da lissafin atam ɗinsa ɗaya ne da na farko, amma ba ya juya haske ko kaɗan. Pasteur ya bar irin na biyun ya daskare ya fitar da ƙanƙara-ƙanƙara kamar ta gishiri, ya duba da gilashi mai ƙara girma, sai ya ga ashe ƙanƙarar iri biyu ce, ɗaya hoton madubi ce ta ɗayar. Ya sa matsefata ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya narkar da kowane kashi dabam. Kashi ɗaya ya juya haske dama, ɗayan ya juya shi hagu daidai gwargwado. A gauraye kuwa kowanne yana kashe aikin ɗan'uwansa. Sanyin Faris ma ya taimake shi, domin in zafi ya kai kusan digiri 30 wannan gishiri ba ya rabuwa haka. Da a Sakkwato ya yi gwajin cikin watan Afrilu, da wani ne zai ci wannan suna.

Bayanin dalili ya zo a 1874 daga wani saurayi ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, yana da shekara 22, watau sa'an yawancin waɗanda ke ɗakin nan. Wani Bafaranshe, Le Bel, ya kai ga irin wannan ra'ayi a shekarar shi kaɗai. Suka ce atam ɗin kabon yana da hannuwa huɗu, kuma hannuwan ba a shimfiɗe suke kamar zane a kan takarda ba. Uku sun buɗe ƙasa kamar duwatsun murhu, na huɗu ya miƙe sama. Ku sami lemo ku soka masa tsinke huɗu haka, ku maƙala wa kowane tsinke abu dabam, sa'an nan ku yi wani lemon ya zama hoton madubi na na farko. Duk yadda kuka juya su ba za su taɓa hawa kan juna daidai ba, kamar takalmin dama da na hagu. Irin wannan kabon mai riƙe da abubuwa huɗu mabambanta shi za mu kira kabon mai hannu. Wani babban malamin Jamus, Hermann Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce a 1877, har yana goranta masa cewa a makarantar likitocin dabbobi ta Utrecht yake aiki. A 1901 kuwa, da aka fara ba da lambar Nobel a ilmin sinadarai, van 't Hoff ne ya karɓe ta, ko da yake saboda wani aikin nasa dabam aka ba shi.

Ƙa'idar da ya kafa mai sauƙi ce: kowane kabon mai hannu yana ninka yawan siffofin da ƙwaya za ta iya ɗauka sau biyu. Gulukos, in sarƙarsa tana miƙe, yana da irin wannan kabon guda 4. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu, 16 ke nan. Watau akwai sukari iri 16 masu atam ɗaya, masu jerin sarƙa ɗaya, kuma gulukos ɗaya ne kawai daga cikinsu. Amma wanne ne?

Wanda ya amsa wannan shi ne Emil Fischer, Bajamushe, a 1891, kuma a ganinmu babu aikin hankali tsantsa da ya fi nasa kyau a duk tarihin wannan fanni, domin bai taɓa ganin ƙwaya da idonsa ba, ba shi da kome sai kwalabe da wuta da folarimita. Ya ƙago hanyar kwantar da ƙwaya a kan takarda kamar ƙashin kifi: sarƙar kabon a tsaye, mai lamba 1 a sama, mai lamba 6 a ƙasa, sa'an nan a jikin kabon na 2 zuwa na 5 akwai wata 'yar ƙungiya ta oksijin da haidurojin, wadda ake rubutawa OH, ko dai tana dama ko tana hagu. Ga misalin yadda yake kafa hujja. In aka sa asid naitirik ya mai da kan sarƙar da gindinta suka zama iri ɗaya, sukarin galaktos yana ba da abin da ba ya juya haske sam. Wannan ba zai yiwu ba sai in rabin ƙwayar na sama hoton madubi ne na rabinta na ƙasa, kowane rabi yana kashe ɗayan. Gulukos kuwa in aka yi masa haka, abin da ya bayar yana juya haske, saboda haka duk siffofin da samansu da ƙasansu suka yi daidai sun fita daga lissafinsa. Da irin wannan tankaɗe da rairaya ya yi ta zubar da siffofi har ɗaya ta saura. Gulukos, daga kabon na 2 zuwa na 5, shi ne dama, hagu, dama, dama. Mannos hagu, hagu, dama, dama. Galaktos dama, hagu, hagu, dama. Ku lura, da gulukos da mannos a kabon na 2 kaɗai suka saɓa, da gulukos da galaktos kuma a na 4 kaɗai. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

Abu ɗaya ne ya gagari kayan aikin Fischer, watau sanin ko zanen nasa shi ne ainihin gulukos ko kuwa hoton madubinsa. Sai ya yi canke ya zaɓi ɗaya. Iyalin da OH ɗinsu na kabon na 5 yake dama su ake yi wa alama da harafin D, hotunansu na madubi kuma L. Shekara 60 ana aiki da wannan canke, sai a 1951 Bijvoet da abokan aikinsa suka gwada da hasken eksare, suka tarar Fischer ya canka daidai. A Utrecht aka yi gwajin, a ɗakin binciken da ke ɗauke da sunan van 't Hoff, a garin da aka yi masa gorin likitan dabbobi. Wani abin kiyayewa shi ne harafin D ba ya nufin abu yana juya haske dama: furuktos, sukarin da ya yawaita cikin zuma, ɗan iyalin D ne, amma hagu yake juyawa. Gulukos na L kuwa yana da zaƙi a baka, sai dai jiki ba ya iya ƙona shi ya sami ƙarfi.

Yanzu mun kusa isa ga tuwo da auduga. A cikin ruwa gulukos ba ya zama a miƙe. Oksijin na kabon na 5 yana lanƙwasowa ya kama kabon na 1, sai sarƙar ta zama zobe mai kusurwa shida, kamar yadda Norman Haworth na Birmingham ya tabbatar, aka ba shi Nobel a 1937. Wurin da zoben ya haɗe, kabon na 1 shi ma ya zama mai hannu, OH ɗinsa ko ya dubi ƙasa, a ce masa alfa, ko ya dubi sama, a ce masa beta. Ana iya ganin wannan da folarimita. Sabon narkin alfa yana juya haske digiri 112, sabon narkin beta wajen digiri 19, amma in aka bar kowannensu ya huta sai su haɗu a digiri 52.7, domin zoben yana buɗewa yana rufewa har ya tsaya a kan wajen kashi 36 cikin 100 alfa, 64 beta.

In ƙwayoyin gulukos suka riƙe juna ta hannun alfa, sarƙar tana murɗewa kamar nannaɗaɗɗiyar igiya, ruwa yana shiga tsakaninta. Sitaci ke nan, na gero da dawa da masara da rogo. In suka riƙe juna ta hannun beta, kowace ƙwaya tana kifewa bisa ga ta gabanta, sarƙar ta miƙe sambal, sarƙoƙi su kwanta gefe da gefe su manne kamar zaren saƙa. Selulos ke nan, na auduga da kara da katako. A cikin yawunmu da hanjinmu akwai wani enzayim, watau sinadarin da jiki yake yanka abinci da shi, mai suna amiles. Bakinsa an ƙera shi daidai da haɗin alfa, shi ya sa in mutum ya daɗe yana tauna gurasa zai ji ta fara zaƙi. Haɗin beta na selulos kuwa ba ya shiga bakinsa. Fischer ɗin nan ne a 1894 ya kwatanta enzayim da abin da yake yankawa da kwaɗo da mabuɗinsa. Saniya ma ba ta da mabuɗin, 'yan ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su ke da shi, su suke yi mata aikin. Gara tana da irin waɗannan baƙi a cikinta, ga kuma nata mabuɗin. Haka nan sukarin madara, laktos, galaktos ne da gulukos a haɗin beta, yana da nasa mabuɗin dabam, wanda yawancin mutanen duniya suke rasawa bayan yaye, amma da yawa daga Fulani makiyaya suna riƙe da shi har tsufa. Nono ya fi madara sauƙi ga cikin sauran jama'a domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun ci wani kashi na laktos ɗin.

Kada wani ya ce wannan duk zancen ɗakin gwaji ne. Ƙwayar cutar sanƙarau tana lulluɓe kanta da riga ta sarƙar sukari, kuma da irin rigar ake raba ta ƙungiya-ƙungiya: A, B, C, W, X da Y. Allurar rigakafin da ake yi a ƙasashenmu tana koya wa jiki ne ya gane rigar. Ƙungiyar A ce ta haddasa yawancin manyan annobobin da, har da ta 1996 wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Arewa. Allurar da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Nijeriya a 2011, ta kusa shafe A, amma ba ta taɓa sauran ba, shi ya sa ƙungiyar C ta tashi a Nijar a 2015, ta kuma addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. To, rigar A daga dangin mannos aka gina ta, rigar X daga dangin gulukos, ga kuma bambancin wurin haɗi. Rigar W da ta Y kuwa kusan abu ɗaya ne, sai dai inda W take da galaktos, Y gulukos gare ta: OH guda a kabon na 4, nan yana wannan gefe, can yana wancan. Allurar nan mai kare ƙungiya biyar, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara aiki da ita a 2024, sai da aka zuba mata rigar W da ta Y kowace dabam.

Ga kuma ƙaro, wanda Barno da Yobe da Jigawa da Cadi da Sudan suke sayar wa duniya. Shi ma sarƙar sukari ce mai rassa, ta galaktos da arabinos da ramnos da wani asid ɗan gidan gulukos. Arabinos da ramnos ɗin cikinsa 'yan iyalin L ne, don kada a ɗauka halitta ba ta aiki da hagu sam. Ƙaron ɗakwara, mai daraja ta ɗaya, yana juya haske hagu wajen digiri 30, ƙaron dushe kuwa dama yake juyawa. Ma'aikacin da aka ɗora wa duba ingancin ƙaron da za a fitar waje, in ya san wannan, folarimita guda za ta nuna masa buhun da aka yi wa gauraye.

Mu juya ga kashi na biyu. Ba a iya ɗora ƙwaya guda a kan sikeli, saboda haka dabara aka yi. Kowa ya ga mata suna shiƙa: a zubo hatsi daga sama, iska ta bi ta kai, tsaba mai nauyi ta faɗi kusa, ƙaiƙayi ya tafi nesa. Daga inda abu ya faɗi ana gane nauyinsa. Na'urar da Turawa ke kira mas-sifektiromita, mu kuma za mu ce mata ma'aunin ƙwayoyi, shiƙa take yi. Da farko a ɗora wa ƙwaya cajin lantarki, domin maganaɗisu da lantarki ba ruwansu da ƙwayar da ba ta da caji. Ƙwaya mai caji ita ake kira ayon. Sa'an nan a harba ta cikin bututun da aka zuƙe iskarsa ƙaf, don kada ta yi karo da kome a hanya. Maganaɗisu ya karkatar da ita, marar nauyi ta lanƙwasa da yawa, mai nauyi kaɗan. A ƙarshen bututu akwai abin da yake ƙirga masu isowa. Waɗansu na'urorin tsere suke sawa maimakon maganaɗisu: a ingiza ayon duka da ƙarfi ɗaya, a auna lokacin isowarsu, wadda ta ninka 'yar'uwarta nauyi sau huɗu za ta ninka ta lokaci sau biyu. Ainihin abin da ake aunawa shi ne nauyi a raba da yawan caji, amma ga ƙananan ƙwayoyi galibi cajin ɗaya ne. Sakamakon yana fitowa layi-layi a tsaye kamar karan dawa bayan girbi. Wurin da layi ya tsaya shi ne nauyi, tsawonsa kuma shi ne yawa.

J. J. Thomson na Kambirij ne ya fara, a 1913 ya ga iskar niyon ta ba da layi biyu, ɗaya a 20 ɗaya a 22. Almajirinsa Francis Aston ya ƙera na'urar da ta fi kyau a 1919, ya tabbatar cewa atam ɗin niyon iri biyu ne masu hali ɗaya da nauyi dabam, wajen tara cikin goma masu 20. Irin waɗannan tagwaye su ake kira aisotof. Kabon ma haka yake: yawancinsa nauyinsa 12, amma wajen kashi 1.1 cikin 100 nauyinsa 13. Don haka kusa da layin kowace ƙwaya akwai ɗan ƙaramin layi gaba da shi da ɗaya, kuma daga tsawonsa ana ƙidaya kabon. Na gulukos yana kai wajen kashi 6.6 cikin 100 na babban layin, watau 1.1 sau shida. Kulorin yana da 35 da 37, uku bisa ɗaya, don haka maganin ƙwari mai kulorin yana barin sawun da ba ya ɓuya. Da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, irin waɗannan na'urori ne suke gano ragowar, ko da ba ta kai ƙwayar gero cikin buhu ba.

Sukari ya daɗe yana ba wannan na'ura wuya. Tsohuwar hanya ita ce a mai da abu tururi, a yi masa ruwan elektoron har ya sami caji ya farfashe, sa'an nan daga gutsattsarin a gane shi, yadda ake gane tukunya daga katangarta. Amma sukari ba ya tururi. In aka ɗora shi a wuta alewa yake zama, daga nan sai gawayi. Dole sai an toshe kowane OH da wata 'yar hula ta kabon kafin ya yarda ya tashi. A cikin shekarun 1980 aka sami hanyoyi masu taushi. John Fenn na Amurka ya fesa narkakken abu ta bakin allura mai ɗauke da lantarki mai ƙarfi, ɗigon ya bushe a iska ya bar ƙwaya da cajinta ba ta fashe ba. Waɗansu a Jamus da Japan suka gauraya abu da wani sinadari suka ɗaga shi da walƙiyar leza. Fenn da Koichi Tanaka sun sami Nobel a 2002 saboda wannan.

To, ga lissafin. Kabon 6 sau 12, 72. Haidurojin 12. Oksijin 6 sau 16, 96. Jimla 180. Sukari yana son ɗaukar atam na sodiyam mai nauyin 23, shi ne ma yake ba shi caji, don haka layin gulukos a 203 yake fitowa. In ƙwaya biyu suka haɗu suna zubar da ruwa mai nauyin 18, saboda haka kowace ƙwaya da aka ƙara tana ƙara 162. Biyu 342, uku 504, huɗu 666. Mai karanta takardar in ya ga layuka sun jeru da ratar 162 tsakaninsu kamar matakalar tsani, ya san sarƙar sukari mai kabon shida ce a gabansa. Ratar 132 ta irin arabinos ce, 146 ta irin ramnos. Jinin rukunin A da na B ma da sukari guda suka bambanta a bayan jajayen ƙwayoyin jini: na B galaktos ne mai 162, na A galaktos ne da aka maƙala wa wani guntu mai naitirojin ya zama 203. Ratar 41 ce, na'ura tana ganinta sarai.

Amma a nan ne gizo yake saƙa. Gulukos 180 ne, galaktos 180, mannos 180, duk su 16 ɗin nan na van 't Hoff 180 ne, har da furuktos. Sukarin rake da sukarin madara da guntun sitaci mai ƙwaya biyu da guntun auduga mai ƙwaya biyu, duka 342. Ƙwayar gulukos biyu kaɗai suna iya haɗuwa ta hanya 11, kowace 342. Na'urar da take bambanta iskar naitirojin mai 28.006 da hayaƙin gawayi mai kisa mai 27.995, ba za ta iya gaya muku daga nauyi kawai ko tuwo aka ba ta ko riga ba, ko rigar W ce ko ta Y. Mun sha ganin ɗalibi ya sami layi a 203 ya rubuta gulukos da gaba gaɗi, alhali abin da takardar ta ba shi iko ya ce shi ne sukari mai kabon shida, sai a bincika wanne. Ma'aikacin da rahoton gwaji zai biyo ta teburinsa, in ya ga an ambaci sunan sukari, yana da haƙƙin ya tambaya da me aka raba shi da 'yan'uwansa kafin a auna.

Hanyoyin rabawar suna nan. Mafi yawa ana fara tura cakuɗen ta cikin wani dogon siririn bututu wanda cikinsa yake riƙe kowace ƙwaya gwargwadon siffarta, sai gulukos ya fito a lokacinsa, galaktos a nasa, ma'auni yana jira a bakin bututu. Sunan wannan kuromatogirafi. Ana kuma aiko da enzayim wanda bakinsa bai dace da kome ba sai galaktos a haɗin beta. In nauyi ya ragu da 162 bayan ya wuce, an san abin da ya fita. Don gane wurin haɗi, sai a sa wa duk OH da ke fili hula, a yanka sarƙar, inda ba hula nan ne aka riƙe. D da L kuwa ko bututun ba ya raba su, domin hoton madubi halinsa ɗaya da mai shi a gaban duk abin da ba shi da hannu. Dabarar da masana na Utrecht suka bayyana a 1978 ita ce a ɗaura wa sukarin wani sinadari wanda shi ma mai hannu ne, hannu ɗaya tak. Dama da dama in suka gaisa riƙonsu dabam ne da na dama da hagu, to, daga nan bututu yake iya raba su.

Akwai wuri guda da na'urar take ganin abin da harshe da ido da folarimita duk za su iya kuskurewa, shi ne zuma. Rake da masara da dawa da gero suna kama iskar kabon ta wata hanya dabam da ta itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, waɗanda ƙudan zuma ke sha daga furanninsu. Itatuwan suna ƙyamar kabon mai 13, dangin rake ba su cika damuwa ba. Saboda haka sukarin rake ya fi zumar gaskiya kabon mai 13 da wajen kashi 14 cikin 1,000. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake ƙona ɗigon zuma a auna iskar da ta fito don kama mai algus. Daga baya aka ƙara wayo: a ware ɗan furotin da ke cikin zumar, wanda daga ƙudan da furanni ya fito, a auna shi dabam, a gwada da sukarin. In ratar ta kai kashi 1 cikin 1,000, an zuba ruwan rake ko na masara. Masu algus su ma sun yi karatu, sai suka koma ga ruwan sukarin shinkafa da na gwozar Turai, waɗanda hanyarsu ɗaya da itatuwa, wannan gwaji ba ya kama su. Don su ne yanzu ake komawa ga bututun rabawa, a nemi guntayen sarƙar sitaci masu ratar 162 waɗanda suka wuce tsawon da ƙudan zuma yake bari.

Malam Shugaba, lokacin da aka ba mu ya cika. Mun ajiye lemo da tsinke a kan tebur ga duk wanda yake so ya gwada maganar van 't Hoff da hannunsa kafin a shiga tambayoyi.